Zagayen Marseille ranar bikin koren kyandir: abin da kuɗinmu ya saya

Kawuna ya zo daga Maraɗi ya yi mini mako uku a Lyon inda nake aiki, kuma tun ranar da ya sauka maganarsa ɗaya ce, a kai shi ya ga teku. Da na duba sai na tarar ranar 2 ga Fabrairu ta faɗo cikin hutuna, kuma ita ce ranar da mutanen Marseille, birnin da ke bakin teku a kudancin Faransa, ke bikinsu na Chandeleur, bikin kyandir na Kiristoci. Na nemo wani ƙaramin kamfani a intanet mai zagayawa da baƙi a ƙafa, na biya yuro 45 kowane mutum, wato kusan jaka 30 na sefa. Tallarsu ta ce za a fara ƙarfe biyar saura kwata na asuba, a tashi ƙarfe ɗaya na rana, har da ɗanɗanon abincin gari.

Mun kwana kusa da tsohuwar tashar jiragen ruwa, Vieux-Port. Da muka fito, iskar da suke kira mistral tana kaɗawa, kamar hunturunmu ne amma ba ƙura, sanyi har cikin ƙashi. Mu tara ne. Jagorarmu dattijuwa ce haifaffiyar garin, ta haura sittin, kuma ita ce dalilin da ya sa ba na da-na-sanin kuɗina. Kafin ta ce komai sai ta dubi Kawu, ta ga hularsa ba ta rufe kunne ba, ta ciro mayafin wuya daga jakarta ta miƙa masa.

A nan bakin ruwan ta nuna mana inda Girkawa 'yan Phocée suka sauka wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, suka kafa garin da suka sa wa suna Massalia, birni mafi tsufa a Faransa. Ba ta daɗe kan tarihi ba, domin jama'a sun fara taruwa. Ƙarfe biyar aka kawo littafin Linjila ta ruwa a cikin kwalekwale, sannan ayari ya kama titin Sainte zuwa Saint-Victor, tsohon gidan ibadar da wani malamin Kirista, Jean Cassien, ya kafa a ƙarni na 5. Idan ka hango ginin za ka ɗauka ganuwar yaƙi ce. Kusan kowa yana riƙe da koren kyandir, yana kare wutar da tafin hannu saboda iska. Na ga wata tsohuwa da jikanta, nata ya mutu har sau uku, duk sanda ya mutu sai yaron ya kunna mata daga nasa, ba wanda ya ce uffan.

Mu Musulmi ne, kallo muka je yi, kuma jagorar ta gane haka ba sai mun faɗa ba. Ta tsayar da mu a gefe inda muke ganin komai ba tare da mun shiga sahun masu ibada ba. Wajen ƙarfe shida aka fito da mutum-mutumin katako na Maryamu da suke kira Baƙar Budurwa daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, an sa masa koren tufa, babban limamin cocin garin ya yi wa birnin da tekun da kyandirori addu'a. Da suka shiga ciki sai na raɗa mata cewa lokacin sallar asuba ya yi. Ta ce mu je masauki, mu same ta a ƙofar gidan burodi ƙarfe takwas saura. Wannan karamcin ba zan manta da shi ba.

Gidan burodin shi ne Four des Navettes, wanda ke aiki tun 1781. Layi ya kai har kwanar titi. Navette wani dogon biskit ne mai siffar kwalekwale, da tsaga a tsakiya, yana ƙamshin ruwan furen lemo. Mutanen gari na cewa siffar tana tuna jirgin da ya kawo waliyyansu mata gaɓar Provence, yankin da Marseille take. Dozin-dozin ake saye, ɗaya don kowane wata, wasu su ajiye tare da koren kyandir har shekara ta zagayo. Kawu ya gatsa ɗaya da ɗuminsa, ya ɗan yi shiru.

"Ɗana, wannan ai ƙanen ƙuli-ƙuli ne, sai da shayi."

"Haka suke cinsa, Kawu, tsomawa suke yi."

Ya sa na saya masa dozin biyu.

Daga nan muka gangaro kasuwar kifi da ke ci kowace safiya a bakin tashar. Teburan ba su da yawa, amma kifin yana motsi. Jagorar ta ɗaga wani ja mai ƙaya, mummuna, ta ce sunansa rascasse, kuma in babu shi to ba a yi bouillabaisse ba. Asali miyar masunta ce, da kifin da bai sayu ba ake yin ta, yanzu kuwa ta zama abincin masu hali, har wasu gidajen abinci suka rattaba hannu kan yarjejeniya a 1980 don kare ainihin girkin. Romo ake fara kawowa da gasasshen burodi da wani jan haɗi mai tafarnuwa, sannan kifin ya biyo baya. Ta gargaɗe mu da cewa duk inda muka ga ana sayar da ita da araha mu wuce, kuma mu tambaya kafin mu ci, domin wasu masu girki na ɗiga giya a ciki. Muka shiga ɗan jirgin fiton da ke tsallaka tashar tun 1880, tafiyar da ba ta kai mita 300 ba. Kawu ya tsaya a gaba, ya ƙi zama.

Matsalar ta fara ne bayan mun zaga Panier, tsohuwar unguwa mai lunguna da matakala. Aka shigar da mu wani shagon sabulu, muka yi minti arba'in. Bayanin kansa yana da amfani: dokar 1688 ce ta hana sa kitsen dabba a sabulun Marseille, kuma lambar 72% da ake bugawa a jikinsa tana nufin yawan man tsirrai. Da aka ambaci cewa masana'antun garin sun daɗe suna matse gyaɗa da manja daga Afirka ta Yamma, kuma a nan aka kafa kamfanin CFAO mai kasuwanci da Afirka ta Yamma a 1887, idon Kawu ya kawo ruwa, domin mahaifinsa manomin gyaɗa ne da ya yi ta kai buhu kan sikeli. Amma minti goma ya isa wannan. Sauran rabin awa ciniki ne kawai, kuma da gani ka san kamfanin ne ya tsara hakan.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ɗanɗanon abinci. Na rubuta a takardar rajista ƙarara cewa ba ma shan giya, ba ma cin naman alade. Aka kawo faranti da yankakken naman alade da pastis, giyar da 'yan garin ke sirkawa da ruwa. Zaitun kaɗai muka iya taɓawa. Jagorar ta ji kunya, ta ce ba a sanar da ita ba, ta fita ta sayo mana panisse da kuɗinta, wato soyayyen tuwon garin wani irin wake, mai kama da awara a ido. Ya yi daɗi ƙwarai, amma bai kamata ta biya laifin ofis daga aljihunta ba. Na rubuta musu saƙo da dare, amsar da ta zo ban-haƙuri ce ta layi biyu.

Sannan Noailles, unguwar da ta fi kowace rai, minti goma sha biyar aka ba ta. A kasuwar Capucins ka ji Larabci, ka ji yaren Komoros, ka ji Wolof, ga mahauta masu naman halal, ga dabino, ga buhunan yaji. Wannan ma Marseille ce, kuma tana cikin al'adar garin kamar yadda koren kyandir yake ciki. Sai da na tambaya kafin aka nuna mana gurbin titin Aubagne inda gidaje biyu suka rushe ranar 5 ga Nuwamba 2018, mutum takwas suka rasu. Jagorar ta tsaya a wurin, muryarta ta canza, ta ce ta shiga zanga-zangar da aka yi bayan abin, amma jadawalin da aka ba ta bai haɗa da nan ba.

Wanda zai je, ina ba shi shawara ya biya, musamman don safiyar 2 ga Fabrairu, domin da mu kaɗai ne da ba mu san inda za mu tsaya ba. Ya buga waya ya tabbatar da maganar abinci da bakinsa, ya sa takalmi mai daɗin hawa, ya kuma ware wa Noailles yammacinsa. Mu haka muka yi. Bayan la'asar muka hau bas mai lamba 60 zuwa tudun cocin Notre-Dame de la Garde, inda ƙananan jiragen katako ke rataye a rufi, kyautar matuƙan da suka tsira daga teku. Daga can Kawu ya ga ruwa iya ganinsa, ya sa na ɗauke shi hoto da mayafin jagorar a wuya, wanda ta ce ya riƙe.