Ƙwayar Fersolate: ba kowace gajiya take wa magani ba

A asibitin sha-ka-tafi ko shagon kemis, da wuya mutum ya ce "ba ni da jini" ya fito ba a damƙa masa ƙwayar ƙarin jini ta Fersolate ba. Ƙwaya ce mai kyau, ga araha. Wadda aka fi sayarwa mai miligiram 200 ce, kuma kowace ɗaya na ɗauke da kimanin miligiram 65 na sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Ta fi yawancin ruwan ƙarin jini na kwalba, masu zaƙi da tsada.

Matsalarta ɗaya ce: an ɗora mata aikin da ba nata ba. Gajiya kalma ce mai faɗi, kuma yadda majiyyaci ya faɗe ta yana nuna inda za a duba. Mai cewa jiri yake gani in ya miƙe, zuciyarsa na bugawa in ya ɗan yi tafiya, ga tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari, wannan ƙila ƙarancin jini ne. Mai "mutuwar jiki" da yawan ƙishirwa da fitsarin dare, a gwada masa sukari. Mai kasala da rama da zufar dare da tarin da ya kai mako biyu, a gwada majinarsa saboda tarin fuka. Wanda ya ce komai ya fita masa a rai, barci ya ƙaurace masa, a zauna a saurare shi, domin damuwa kan fito da sunan ciwon jiki.

Wadda ta fi tayar da hankali ita ce mai jego da ke haki in ta kwanta, ƙafa a kumbure. Ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yawaita a ƙasar Hausa, likitocin Zariya da Kano sun daɗe suna nazarinsa. A ba ta Fersolate a sallame ta ganganci ne. Babban asibiti za a tura ta a ranar.

Saboda haka a auna jini tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya na kiran ƙarancin jini idan awon himogulobin (sinadarin da ke sa jini ya yi ja) ya gaza 13 ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki (10.5 a watanni uku na tsakiyar cikin). In ya tabbata, sai a nemo inda jinin ke zurarewa: yawan jinin al'ada, basir mai jini, tsutsar ciki, tsargiya, ko gyambon ciki da yawan shan maganin ciwon jiki ke jawowa.

Wajen sha ne ake yawan kuskure. Ana haɗiye ta da shayi da madara, su kuwa suna hana hanji tsotsar ƙarfen. Ruwa ko lemon zaƙi ya fi, a bar tazarar awa biyu da shayi. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Tashin zuciya da taurin bayan gida ne ke sa mutane dainawa. In sun matsa, a sha bayan abinci, ko a tambayi ma'aikacin lafiya a koma kwana ɗaya a sha, kwana ɗaya a huta. A sake awo bayan wata guda, kuma ko jinin ya dawo daidai a ci gaba wata uku don jiki ya tara na ajiya.

Mai sikila kada ya sha sai likita ya rubuta masa. A kuma ɓoye ta nesa da yara, domin kama take da alewa, kuma yaron da ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi.