Takalmin Hawan Dutse: Duba Ƙasansa Kafin Ka Ba Mai Gwanjo Kuɗinka

Duk wanda ya yi niyyar hawa duwatsun Shere da ke gabashin Jos ya dawo a rana guda, to ya soma tunanin ƙafarsa tun kafin ya yi tunanin guzuri. Garin Jos yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200 daga saman teku, ƙololuwar Shere kuwa ta kai wajen mita 1,829. In ka lissafa a takarda sai ka raina tazarar. Amma hanyar falalen dutse ce, da tsakuwa mai zamewa a ƙarƙashin sawu, da tsallake daga wannan dutse zuwa wancan, wani wurin ma sai ka haɗa da hannu. Mu dai mukan fita bayan sallar asuba, ba ma ganin bakin titi sai la'asar ta yi sakaliya. Wajen awa goma ke nan ƙafa tana cikin takalmi, kuma rabin lokacin gangara ce, wadda ta fi hawan cin ƙafa nesa ba kusa ba.

Bari in sallami waɗanda ba na son ɓata lokaci a kansu. Silifas da fade na zuwa masallaci ne. Kambas na gayu ƙasansa sumul yake kamar faranti, da ya taka jiƙaƙƙen dutse sai ka ji ka a zaune. Dogon but irin na fareti nauyi gare shi, kuma kafin azahar ya fitar maka da bororo a dunduniya. Takalmin roba na makiyaya shi kaɗai nake ɗaga wa hula: na sha ganin yaro da sandarsa ya wuce mu a kan dutse kamar akuya. Sai dai ƙafarsa ce ta iya, ba takalmin ba. Kai da ka wuni a ofis ko a shago, gumi zai taru a ciki ya dafa maka yatsu. Sabo ɗan kanti na asali kuwa ba ni da abin cewa a kansa, in aljihunka ya kai, Allah ya sanya alheri.

Ni nawa zaɓin shi ne takalmin hawan dutse na gwanjo, mai matsakaicin wuya, wanda ya rufe idon sawu bai kai ƙwauri ba. Wuyan nan yana tare tsakuwa da ƙaya, yana kuma rage wa ƙafa gurɗewa da yamma, lokacin da gajiya ta sa mutum ya daina duba inda yake takawa. Gabansa akwai roba mai kauri da ta lulluɓe yatsu, ka yi tuntuɓe da dutse ka ji ƙara amma ba ka ji zafi ba. Babban abin dai yana ƙasa. Juya shi ka gani: in akwai ɗan tambari rawaya mai kusurwa takwas an rubuta Vibram, to ka fara kama hanya. Kamfanin Italiya ne, ƙasan takalmi yake yi yana sayar wa masu haɗa takalman, shi ya sa za ka gan shi a ƙarƙashin takalman kamfanonin Merrell da Scarpa da wasunsu. Wanda ya kafa shi, Vitale Bramani, mahayin dutse ne. A 1935 abokan tafiyarsa shida suka mutu a duwatsun Alps na Turai, aka ɗora wani ɓangare na laifin a kan takalman wancan zamani, shi ne ya duƙufa har ya fitar da ƙasan roba mai haƙora a 1937. Haƙoran nan su ke cizon tsakuwa, robar kuma tana manne wa falalen dutse kamar tafin tsaka. Kamfanin Salomon na Faransa shi yake yin nasa ƙasan, sunansa Contagrip, shi ma ba ya jin kunya a kan dutse, sai dai yawancin waɗanda na gwada sun matse mini yatsu. Ƙafar da ta girma cikin silifas faɗi gare ta.

Maganar lamba: ka ƙara ɗaya a kan wadda ka saba sawa. Ƙafa tana kumbura in ta sha tafiya, don haka ka je kasuwa da yamma, da safa mai kauri irin wadda za ka hau da ita. Kafin ka ɗaure igiya, tura ƙafar gaba har yatsu su taɓa, sannan ka zura ɗan yatsa a bayan dunduniya. In bai shiga ba, ajiye shi. A gangara kowane taku yana tura babban yatsa ya daki gaban takalmi, bayan kwana biyu farce ya yi baƙi, bayan wata guda ya fita. Shi kuwa Gore-Tex da masu sayarwa suke ta kurari da shi, wata siririyar shimfiɗa ce mai kama da leda a ciki mai hana ruwa shiga. A damina, musamman watan Agusta, tana da rana. Da rani zafi kawai take ƙara wa ƙafa, kuma a takalmin gwanjo sau da yawa ta riga ta huje. Kada a ƙara maka kuɗi saboda ita.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Na taɓa sayen wani takalmi a wata kasuwa, fata ruwan ƙasa, haƙoransa ko ɗaya bai ci ba, har ƙamshin sabo yake. Mai shi ya ce, "Alhaji, wannan yau aka fasa dilarsa. Baturen da ya saya ko sau biyu bai sa ba." Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar nan ita ce ta cuce ni. Muka hau lafiya. A gangara, muna tsakiyar wani falalen dutse, sai na ji ƙafar dama tana tafi, faf, faf. Na duba, ƙasan ya buɗe baki tun daga yatsu har tsakiya, wani baƙin gari kamar dusa yana zuba. Kafin mu yi taku ɗari na hagu ma ya bi sahu. Abokin tafiyata ya kwance rawanin da ya rufe fuska da shi saboda ƙura, ya yaga biyu, ya ce, "Mutumina, ɗaure mu tafi, dariyar sai mun sauka." Haka na ƙarasa awa biyu da rabi, ina jin kowace tsakuwa a tafin ƙafata.

Daga baya na gane abin da ya faru. Tsakanin haƙoran ƙasa da jikin takalmi akwai wani soso mai ɗauke nauyin taku. Iri biyu ne aka fi yi. Ɗaya ana ce masa EVA, mara nauyi ne, in ya tsufa sai ya lotse ya yi tamoji, kana gani ka san ya gaji. Ɗayan PU ne, ya fi ƙarfi, shi ake sa wa manyan takalma masu tsada, amma danshin iska yana cin sa a hankali daga ciki, ko ana sawa ko ba a sawa. Hasali ma wanda aka ajiye shekara da shekaru a ɗaki ya fi saurin ruɓewa a kan wanda ake takawa. Ke nan takalmin da ya yi kwantai, ya fito fes kamar ango, shi ya fi cancanta ka yi wa kallon tsoro. Kyan ɗan maciji ne.

Saboda haka in ka shiga Katako a Jos, ko Ƙofar Wambai a Kano, ko Kasuwar Barci a Kaduna, kada ka ji nauyin kowa. Ɗauki takalmin ka lanƙwasa shi da ƙarfi, ka dubi gefen soson. In ka ga ƙananan tsagu, ko ka danna da farce ya lotsa bai dawo ba, ko ya ɗan manne maka a yatsa kamar ƙaro, ajiye. Ɗaga harshen takalmin ka karanta 'yar takardar ciki, wasu kamfanoni suna buga wata da shekarar da aka yi shi. Ni in ya haura shekara biyar kuma sosonsa PU ne, ko kyauta aka ba ni ba zan hau dutse da shi ba. Shinshina gefen: warin sufa gulu yana nufin ya taɓa buɗewa an manne. Goga farin tsumma a jikin soson, in ya yi baƙi to an shafe tsagu da man goge takalmi. Kwatanta ƙafa biyun, don akan haɗa dama da hagu daga takalma daban masu kama da juna. Kuma ka fito da shi waje ka duba a rana, duhun rumfa abokin mai kaya ne.

Sannan ga jabu, sababbi fil a kwali, da sunan babban kamfani a jiki, a kan kuɗin da ko igiyarsa ta asali ba zai saya ba. Su ma suna da tambari rawaya. Na jabu sau da yawa fenti ne a kan robar, ka kankare da makulli ya tashi, harufan kuma sun cakuɗe. Murɗa takalmin kamar kana matse wanki: na ƙwarai zai ƙi, jabu zai bi hannunka. Zare shimfiɗar ciki, in ka tarar da kwali a ƙasa ka gama ganin komai.

Wasu na cewa a kai wa shumeka ya ɗinke gefen gaba ɗaya. Ina yi, kuma yana taimako in gam ne ya saki, ko da yake allura tana buɗe wa ruwa hanya. Amma in soson ne ya ruɓe, zare ba shi da abin kamawa. Wani dattijon shumeka da na kai wa nawa ya jujjuya shi, ya murje garin a yatsunsa, ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, wannan sai dai juji." Wanda na saya bayansa sai da na yi mako biyu ina zuwa kasuwa da shi, na hau Dala na sauko sau uku, kafin na yarda ya bi ni Jos. Har yau kuma a aljihun jakata akwai yankin robar tayar keke, tsawon kamu biyu, a naɗe.