Brave: burauzar da ke tare talla da kanta

Gaskiya duk wanda talla ta ishe shi a waya ya gwada Brave. Tun 2016 take, kuma a kan Chromium aka gina ta, wato tushen da aka gina Chrome a kai, don haka in ka saba da Chrome ba wani baƙon abu da za ka gani.

Abin da ya fi burge ni hoton zakin nan ne na gefen wurin rubuta adireshi, ka buɗe shafin labarai ka danna shi sai ya nuna maka yawan talla da masu bin sawu (manhajojin leƙen asiri da ke ɓoye a shafi) da ya tare, wallahi wani lokacin sai ka riƙe baki, ashe duk waɗannan suna leƙen abin da kake karantawa kuma datarka suke sha. Shafi na buɗewa da sauri sosai.

Abin da ban so ba harkar kirifton BAT ɗin nan, wato kuɗinsu na intanet da masu Brave suke ta tallatawa, ni dai ɓoye ta na yi a saiti. Kuma fa in ka shiga Facebook da sunanka, Brave ba za ta hana su sanin abin da kake yi a ciki ba.