Allurar dafin maciji ta EchiTAb-Plus a Kaltungo

Duk manomin da kububuwa ta sara a yankin Kaltungo ya san darajar EchiTAb-Plus, allurar da ake haɗawa a Kosta Rika daga jinin dawakan da aka riƙa ba dafin maciji kaɗan-kaɗan har jikinsu ya samar da kariya. Kafin a fitar da ita sai an gwada ƙarfinta a kan ɓeraye, kuma duk da abin tausayi ne, a ganina gara hakan da a fara gwadawa a kan majinyaci. Tana tsayar da zubar jini, amma wasu kan yi ƙaiƙayi ko zazzaɓi, shi ya sa a asibiti kaɗai ake yin ta. Babban cikas shi ne ƙarancinta lokacin girbi.