Hattara da masu cewa suna mayar da STL zuwa STEP, an ci min naira 180,000

Jama'a, naira 180,000 wani ya karɓe min a kan aikin da yaro zai yi a FreeCAD, manhajar zanen kayan inji a kwamfuta, kafin shayi ya huce, ita kuwa FreeCAD kyauta ake sauke ta. Har yanzu in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

Gidan boris na injin casar shinkafarmu a Kura ne ya tsage. Injin ɗan China ne, ba a samun kayansa a kasuwa, don haka aka yi wa tsohon sikanin, aka ba ni fayil na STL, wato siffar ƙarfen a kwamfuta da aka harhaɗa da ƙananan alwatikai. Mai injin CNC, injin yanka ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, ya ce shi ba ya yanka da wannan, in kawo masa STEP, wato fayil ɗin zane mai cikakken awo. A wani zauren Facebook na masu zane da kwamfuta na ci karo da mutumin nan, yana ta zuba bidiyon ƙarafa sumul suna juyawa, wai da Geomagic Design X, manhajar mayar da sikanin zuwa zane, yake aiki.

Kada wani ya zo ya ce min garaje na yi. Na kira shi, mun yi magana baki da baki. Tambayarsa ta farko ita ce, "Alhaji, wace lamba ce boris ɗin?" Na ce 6205. Ko numfashi bai ja ba ya ce, "To raminsa milimita 52 ke nan, zan zana shi daidai, ba zan bi cinyewar da ke jikin tsohon ba." Ku faɗa min, wa zai ji wannan bai saki jiki ba? Faɗin boris 6205 ta waje milimita 52 ne, gaskiya ya faɗa. Maganar da ƙwararre zai yi ke nan, ita ya yi. Milimita 52 ɗin nan ita ta ci ni.

Na tura 100,000 kafin alƙalami. A'a, kafin nan ma ya turo hoton wani gefe na aikin, wai in ga inda ya kai, daga baya na gane ba ƙarfena ba ne, rami huɗu ne a hoton, nawa shida. Ko bayan na tura ne ya aiko hoton? Yana dai cikin hirar, za ku gani. Sauran 80,000 ya ce sai sun shiga zai saki fayil, "Alhaji ka san halin mutanenmu." Ni ake gaya wa halin mutane! Na tura. 180,000 cif.

Da muka buɗe a wajen mai CNC, da yaransa a tsaye a kaina, sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kwamfutar ma da ƙyar ta ɗauka. Sunan fayil STEP ne, amma ciki alwatikan nan ne na STL, dubbai, kowace ta zama fuska mai zaman kanta. Ya danna ramin boris don ya ga faɗinsa, sai wata 'yar mitsitsiyar alwatika ta yi haske. Babu da'ira ko ɗaya, ramin gefe-gefe ne, har tsagewar tsohon ƙarfen tana nan yadda take. Ya ce, "Alhaji, wannan ai riga kawai aka canja masa." Ya buɗe FreeCAD a gabana, ya sa STL ɗina, ya danna nan ya danna can, ga irin abin da na saya 180,000 ya fito.

A nan ya yi min bayanin cewa STL fata ce kawai ta alwatikai, ba ta san da'ira ba, ko milimita da inci ba ta bambancewa. Aikin gaskiya shi ne mutum ya ɗora sikanin a matsayin jagora, ya sake zana ƙarfen daga tushe, shafaffe ya zama fuska ɗaya, rami ya zama rami mai awo. Abin da mutumin nan ya yi min alkawari da bakinsa ke nan. Ya san aikin, ko aƙalla ya san yadda ake faɗarsa.

Na kira, ya ce kwamfutarmu ce tsohuwa. Na sake kira, ya ce in ƙara 40,000 ya "tace" shi. Yanzu ya toshe ni a WhatsApp, ya canja suna a Facebook, bidiyon dai su ne. Inji na tsaye, ga shinkafar mutane a jibge.

Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin duka biyun suna hannuna, da muryarsa inda yake cewa 52, anjima zan ɗora. In za ku ba wani irin aikin nan, ya nuna muku a bidiyo kai tsaye yana danna rami a ƙarfenku awo na fitowa. In kun ga alwatika kada ku biya ko sisi.