Wata biyar da mai horarwa ta intanet: sharhin mai rakiyar ɗan gudun kilomita 100

Ƙanina, autan gidanmu, shi ne ɗan gudu, ni kuwa aikina shi ne in riƙe masa ruwa da abinci da mota, in kuma jira shi a inda aka ce in jira. Duk da haka ina ganin ina da hurumin rubuta wannan sharhi, domin ni na biya kuɗin hidimar tsawon wata biyar, kuma wani kaso mai yawa na abin da aka sayar mana ni aka yi wa tanadinsa. Hidimar ta wani ƙaramin kamfanin horar da 'yan dogon gudu ce da ke Turai, wanda ke aiki ta manhajar waya. Suna tsara wa mutum jadawalin atisaye na mako-mako, su haɗa shi da mai horarwa guda da zai riƙa duba abin da agogon gudunsa ya naɗa, sannan a gana ta bidiyo sau biyu a wata. Abin da ya sa na zaɓe su a kan wasu shi ne suna da sashe na musamman domin mai rakiya, wato wanda zai tsaya wa ɗan gudun a ranar tsere.

Burin Auta shi ne tseren kilomita 100 da ake yi da hunturu a Al'Ula, a lardin Madina, cikin yashi da duwatsu. Kafin nan ya taɓa kammala gudun famfalaki na Riyad, wanda aka fara a 2022, saboda haka ya san kilomita 42.195 a jikinsa. Sai dai tun a ganawar farko mai horarwar, wadda mace ce da ta daɗe a harkar, ta shaida mana cewa duk gudun da ya zarce wannan nisa wata sana'a ce daban. A gudun awa huɗu mutum yana iya lallaɓawa da ƙarfin da jikinsa ya tara, amma wanda zai shafe awa goma sha biyar ko fiye a kan ƙafafunsa, cikinsa da tafin ƙafarsa da hankalinsa ne za su fara juya masa baya tun kafin numfashinsa ya gaza. Wannan bayani shi ne ginshiƙin duk abin da ta koya mana, kuma na ga gaskiyarsa da idona.

Zan fara da inda hidimar ta gaza, domin a makonnin farko na kusa neman a mayar mini da kuɗina. Manhajar tana ɗora dogon gudun mako a ranar Lahadi, kuma babu inda mutum zai taɓa ya sauya hakan da kansa, alhali a Saudiyya tun 2013 Juma'a da Asabar ne hutun mako, Lahadi kuwa ita ce ranar komawa aiki. Duk mako sai mun aika saƙo an gyara da hannu, amsar kuma takan kai kwana biyu kafin ta zo. Abin da ya fi wannan damuna shi ne saurin da jadawalin farko ya gindaya. Mun fara ne a watan Satumba, kuma duk wanda ke zaune a Jidda ya san yadda iskar bakin Bahar Maliya take a lokacin, mutum na fitowa bayan Asuba rigarsa za ta jiƙe tun bai yi kilomita ɗaya a Kurnish, titin bakin teku, ba. Auta ya yi ta ƙoƙarin cim ma lambobin da aka rubuta wa mutanen ƙasar sanyi, har wata safiya ya dawo da jiri da ciwon kai, ya kwanta bai je aiki ba. Sai da na shiga ganawar da kaina na yi bayanin yanayin garinmu kafin aka ajiye batun minti nawa a kilomita, aka koma bin bugun zuciya. Ya kamata a ce wannan tambaya ce da suke yi wa kowa tun kafin su karɓi kuɗinsa.

Daga nan abubuwa suka daidaita, kuma a nan ne zan yaba. Aikin farko da mai horarwar ta ba ni shi ne awon zufa. Zan ɗora Auta a ma'auni kafin ya fita, ya yi gudun awa ɗaya, ya dawo ya goge jiki a sake awo, sai a haɗa da ruwan da ya sha a hanya, kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa da ta fita. Mun maimaita wannan sau da yawa, a zafin Jidda da kuma sanyin Ɗa'if, muka ga bambancin ya kai ninki biyu. Da ban yi wannan ba, da na je Al'Ula ina ɗura masa ruwa irin na Satumba a watan sanyi. Ta yi mana kashedi mai ƙarfi a kan haka, cewa yawan shan ruwa zalla ba tare da gishiri ba yana tsinka gishirin da ke cikin jini, abin da kan kawo kumburin hannu da ruɗewa, har yakan kai ga halaka, kuma alamominsa sukan yi kama da na ƙishirwa, sai mai rakiya ya ƙara wa mutum abin da ke cutar da shi yana ganin taimako yake yi. Haka kuma ta hana ni saka maganin ciwon jiki irin ibufurofen a jakata kwata-kwata, domin shan sa a tsakiyar dogon gudu yana iya taɓa ƙoda. Ni da na saba miƙa irin wannan ƙwaya ga duk wanda ya ce bayansa na ciwo, wannan darasi kaɗai ya biya mini kuɗin wata guda.

Batun abinci ya ɗauke mu lokaci. Ƙa'idar da ta ba mu ita ce ɗan gudu ya samu tsakanin giram 60 zuwa 90 na sukari da sitaci a kowace awa, kuma dole a horar da ciki ya saba da karɓar abinci ana cikin gudu kamar yadda ake horar da ƙafa. Jerin kamfanin cike yake da ƙananan ledojin zaƙi masu kauri da ake kira jel, waɗanda ke da tsada a nan, kuma Auta ba ya wuce huɗu zuciyarsa ta fara tashi. Da na kawo shawarar dabino, mai horarwar ba ta yi gardama ba, ta ce a auna a gwada. Giram 100 na busasshen dabino yana ɗauke da kusan giram 70 na abin da ake nema, saboda haka muka riƙa cire ƙwallon, mu ƙulla huɗu-huɗu a leda. Hajiyarmu, wadda da farko ba ta so wannan tsere ba ko kaɗan, ita ta ƙara mana dafaffen dankali da gishiri da kunun gyada marar kauri a filas. Ta ce mahaifinta da ya tako daga Kano ta Sudan har Sawakin, tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Maliya, bai taɓa yarda ya yi tafiyar yini da zaƙi kaɗai a cikinsa ba. Mai horarwar ta saka duka biyun a takardar abinci bayan an gwada su sau uku.

Gwajin da ya fi amfani shi ne gudun kilomita 60 da muka yi a tsaunukan Ɗa'if makonni shida kafin tseren, inda aka umarce ni in yi komai tamkar ranar ce. Na shimfiɗa kaya a bayan mota bisa tsarin da suka zana: gorunan ruwa a cike tun kafin ya iso, safa busasshiya, filasta da man shafawa saboda bororo, fitilar goshi da batirinta na biyu, rigar sanyi a sama. An ba ni minti biyar a kowace tsayawa, na kuwa ci tara a ta farko domin ina neman almakashi. A nan na koyi abin da ban taɓa tunani ba, cewa kada in tambaye shi yaya jiki. Wanda ya yi kilomita 50 babu amsar da zai bayar sai ta ciwo, kuma da zarar ya furta ta, ta zauna masa a rai. Tambayoyin da aka rubuta mini gajeru ne: yaushe ka yi fitsari na ƙarshe, wane launi ne, me ka ci tun rabuwarmu, akwai inda takalmi ke cizo.

Salla ba ta cikin lissafin kamfanin, kuma ban ɗora musu laifi mai yawa ba, amma duk Musulmin da zai sayi hidimar ya san shi zai kawo maganar. Mun tambayi malaminmu hukuncin matafiyi game da kasaru da haɗa salloli, muka kai wa mai horarwar lokutan, ita kuma ta ware mintunansu a jadawalin ranar ba tare da wani ƙorafi ba.

Ranar tseren, a wajen kilomita 70, duhu ya shiga, sanyin hamada ya sauko, Auta ya iso inda nake yana jan ƙafa, ya zauna ya ce, “Yaya, na gama, ka kai ni masauki.” Takardar mai rakiya ta yi tanadin wannan lokaci dalla-dalla. Ta raba alamomin da ke wajabta tsayawa nan take a kira likitocin tsere, kamar ruɗewar magana, amai ba ƙaƙƙautawa, fitsari mai duhu sosai, ciwon ƙirji ko raunin da ke sauya takun mutum, da kuma gajiya da ɓacin rai waɗanda yawanci yunwa da sanyi ne ke kawo su. Na duba shi bisa jerin, na ga maganarsa daidai take, kuma ya yi awa biyu bai ci komai ba. Ban yi masa wa'azi ba, ban kuma ce masa saura kaɗan ba, domin kilomita 30 ba kaɗan ba ne kuma ya sani. Na sa masa riga, na ba shi kunu mai ɗumi da dankali, na ce, “Auta, ka ci wannan, mu ba shi minti goma, in har lokacin kana kan bakanka ni da kaina zan je in faɗa wa masu shirya tseren.” Kafin minti goman su cika ya nemi in canza masa safa. Ya kammala cikin dare, yana tafiya a hawa, yana sassarfa a gangara, kamar yadda aka horar da shi.

Wanda ke neman jadawali kawai zai iya samun irinsa kyauta a intanet, kuma ba zan ce ya kashe riyal ɗinsa a nan ba. Wanda kuma ba ya jin Turanci sosai zai sha wahala, domin babu Larabci a manhajar, ni na riƙa fassara wa Hajiya da matata abin da ya shafi girki. Amma ga iyalin da ɗansu zai shiga irin wannan tsere karo na farko, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya cikinsu, sashen mai rakiya ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin a faɗi zafin gari da ranakun hutu da lokutan salla tun a ganawar farko, a kuma nemi a rubuta su.

Auta ya rasa farce biyu, an kuma hana shi gudu na mako biyu, ya bi umarnin. Yanzu hankalinsa ya koma kan tseren Comrades na Afirka ta Kudu, wanda ake yi tun 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90 da dole a gama cikin awa 12. Shirinsa zai ratsa ta cikin watan azumi. Na rubuta wa kamfanin cewa za mu sabunta ne kawai idan za a bar mu da wannan mai horarwar, na kuma tambaye ta yadda za ta tsara atisaye ga mai azumi. Ta amsa da neman in aiko mata da lokacin sahur da na buɗa-baki da tsawon Tarawihi a masallacin unguwarmu, na kuwa aika mata a daren.