Tabarau na kasuwa ko na awon likita?

A Kasuwar Dole ta Damagaram za ka tarar da tabarau na karatu, daga lamba +1 zuwa +3. Ka gwada, ka biya, ka tafi; da araha. Ga dattijon da ya haura shekara 40, wanda sai ya nisanta Alƙur'ani kafin baƙi ya fito, sau da yawa ya wadatar.

Sai dai gilasansa biyu ƙarfinsu ɗaya, alhali idanun mutum ba lallai su zo daidai ba. Na likita kuwa kowane ido ake aunawa daban, har tazarar ƙwayoyin idon. Da tsada, da jira. Amma yaron da karatu ke sa wa ciwon kai, ko idonsa ya fara karkacewa, ni dai ba zan kai shi kasuwa ba.